Sawun Barewa a Kan Fako

Ranar Talata da hantsi labari ya shigo Matamaye cewa an sace barewa daga gandun ƙungiyar Inuwar Gawo. Kafin azahar mutanen tasha sun gama bincike sun yanke hukunci, har da waɗanda ba su taɓa ganin barewa ba sai a hoto. Maharba ne, in ji su, wa zai yi in ba su ba?

Gandun yana bayan gari ta hanyar Kance, fili ne da aka kewaye da shingen waya, da barewa goma sha ɗaya a ciki. Shekara tara ke nan da kafa ƙungiyar, kuma aikinta biyu ne: ta tsare ɗan abin da ya rage na namun daji, ta kuma taimaki ƙauyukan kewaye da rijiyoyi da lambuna. Mutum bakwai ke riƙe da ita, su ake kira kwamiti. A cikinsu akwai Munkaila Sarkin Baka, wanda ya shekara talatin yana bin sawu kafin ya rataye bindiga. Shi ya shawo kan maharba goma sha huɗu suka ajiye makamansu, aka ba kowannensu fegi a lambun ƙungiya, aka ba su kujera ɗaya a kwamiti. Amma an gindaya sharaɗi a rubuce: duk ranar da aka kama maharbi ya taɓa dabbar gandu, lambu da kujera sun tafi gaba ɗaya. Munkaila ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce ya tsaya musu, kuma tun daga ranar babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan magana.

Abin takaicin shi ne mai gadin gandun, Ma'u, ɗaya ne daga cikin goma sha huɗun.

Munkaila ya iske kwamiti a tsaye a bangon yamma, inda aka yanke waya aka buɗe kafa. A gindin wata sabara, taki uku daga wurin, an bar tarkon zarge. An kuma share yashin wurin da reshe, ciki da waje. Ma'u yana tsugune gefe ya haɗa kai da gwiwa, domin wadda aka ɗauke ita ce uwar garke, barewar da aka rena da madara tun tana jaririya, ga ta da tsohon ciki.

Salim, sakataren ƙungiya, saurayi mai ilimi da saurin baki, ya ɗaga tarkon sama kamar wanda ya ciyo tuta. Ya ce magana ta ƙare, a kira jandarma su tafi da Ma'u, a kuma zartar da abin da aka rubuta. Munkaila ya karɓi tarkon ya jujjuya shi, ya ce wannan ƙulli ba na maharbi ba ne, na ɗaurin buhu ne, kuma babu mahaukacin maharbin da zai ɗana tarko a inda dabba ba ta bi. Salim ya yi murmushi ya ce ai dama ba wanda ya zaci Baba Munkaila zai ce wani abu dabam. Maganar ta yi wa dattijon zafi ƙwarai, amma ya haɗiye.

Shugabar kwamiti, Hajiya Ramatu, tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma har yanzu idan ta gyara tabarau manyan mutane kan natsu kamar 'yan aji. Ta dubi Alhaji Aminullahi, wanda ya kafa ƙungiyar da hannunsa, ko zai ce wani abu. Alhaji ya dogara da sandarsa ya ce shi dai yana ganin a bi a hankali.

"Sarkin Baka," in ji Hajiya, "na ba ka zuwa la'asar ɗin Alhamis. In ka kawo mana ɓarawo, falillahil hamdu. In ba ka kawo ba, ni da kaina zan miƙa Ma'u, kuma doka za ta yi aikinta a kanku duka. Ba ni na rubuta ta ba, amma ni aka ba riƙo."

Da suka watse, Munkaila ya zauna kusa da Ma'u ya ce ya faɗa masa gaskiya tsakaninsa da Allah. Ma'u ya ce da asuba ya zaga ya ƙirga su goma sha ɗaya, ya kulle ƙofa da kwaɗo, ya tafi salla a ƙauyen da ke kusa kamar yadda kwamiti ya yarje masa tun farko. Ya tsaya gaisuwar wani mara lafiya. Da ya dawo rana ta ɗan ɗaga, ƙofa tana kulle yadda ya bar ta, barewa goma. Mabuɗi uku ne, nasa, da na Hajiya, da na Alhaji. Ya ce shi ba tsoron gidan kaso yake ba, abin da ke damunsa shi ne a ce ta dalilinsa gida goma sha huɗu sun rasa lambu ana gab da dashen albasa.

Munkaila ya yarda da shi, amma yarda ba shaida ba ce.

Da yamma aka kawo masa jita-jita cewa an ga Lawwali mahauci yana sayar da wani nama ja a ɓoye. Ya same shi a bayan rumfarsa. Lawwali ya fara rantse-rantse tun kafin a tambaye shi, abin da ya sa Munkaila ya ɗauka ya yi babban kamu. Sai da ya sa aka fito da fatar, ya ga ta bunsuru ce, tsoho tukuf. Ashe abin da Lawwali yake ɓoyewa ke nan, yana sayar da shi da sunan ɗan akuya. Munkaila ya ce masa ya ji tsoron Allah da haƙoran jama'a, ya kama hanyarsa.

Washegari ya bi maharba gida-gida. Wannan ne aikin da ya fi yi masa ciwo, ya tsaya a ƙofar mutanen da suka amince masa yana tambayar inda suke da asubar Talata. Wasu sun amsa da fara'a, wasu sun amsa suna kallon ƙasa. Wani tsoho a cikinsu ya shiga ɗaki ya fito da bindigarsa, ya nuna masa yadda zanzaro ya yi gini a bakinta, sannan ya mayar. Munkaila ya fito daga gidan kunya ta rufe shi.

A mararrabar da hanyar gandu ta rabu da babbar hanya akwai wata mai koko da ƙosai, Shekara, wadda ke fitowa tun duku-duku. Ta ce ta ga wata farar mato mai buɗaɗɗen baya ta shiga wajen gandu bayan salla, ta fito ba da daɗewa ba ta nufi Damagaram, an rufe bayanta da tamfol. Ta ɗauka masu sarin rake ne. Wanda ke ciki kuwa ba ta gani ba, hankalinta yana kan kasko. Munkaila ya sayi ƙosan da ba ya jin ci, ya gode mata. Farar mato a hanyar Damagaram, ai kamar a ce ka nemo farar akuya ce a kasuwa.

Daga nan ya biya gidan Alhaji Aminullahi. Alhaji ne mutumin da ya fara zuwa bukkar Munkaila shekara tara da suka wuce, ya zauna a kan buzu ya sha ruwan randarsa, lokacin da sauran masu ilimi ke kiran maharba maɓarnata. Shi ya yi faɗa har aka ba su kujera. Munkaila yana ƙaunarsa, ba ya ɓoyewa.

Alhaji ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo fura. Ya ba shi albishir cewa wani attajiri a Damagaram ya yi alkawarin haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙauyen da mata ke tafiyar awa biyu neman ruwa, abin da kwamiti ya shekara uku yana nema. Sannan ya sassauta murya ya ce game da barewa, me zai hana Ma'u ya ce barci ya ɗauke shi, wasu baƙi daga nesa suka yi ɓarna? Shi zai roƙi Hajiya a tsaya a kan sallamarsa daga aiki, ba jandarma, ba taɓa lambu.

"Alhaji, bai yi barci ba," in ji Munkaila.

"Na sani, Sarkin Baka. Amma wani lokaci akan bar ƙaramar gaskiya don a tsira da babba."

Munkaila ya sha furarsa ya yi godiya. A hanya yana ta juya maganar, bai ji daɗinta ba, amma ya ɗauke ta a kan tausayi irin na Alhaji.

Ranar Alhamis da sassafe ya koma bangon yamma, ba don yana sa ran komai ba, sai don ba shi da wurin zuwa. Ya tsuguna a gaban kafar ya daɗe yana kallonta, sai ya ji haushin kansa ya kama shi. Kwana biyu yana bin bakin mutane, shi da ya san ƙasa ba ta ƙarya. Ya shafa bakin wayar da aka yanke, tsini bayan tsini. Ko gashi ɗaya babu. Barewa mai tsohon ciki ba za ta ratsa wannan kafa ba tare da ta bar gashi ba, ko da kanta ta bi, ko jan ta aka yi. Ke nan ba ta nan ta fita ba, an yanke wayar ne don idanu su taru a nan, kuma nasa ma sun taru tare da na kowa.

In ba ta kafa ba, to ta ƙofa. Ya zaga gabas. Yashin bakin ƙofa an tattake shi, kwamiti da 'yan kallo sun gama da shi. Sai ya yi abin da maharbi kan yi idan sawu ya ɓace masa, ya ja da baya ya fara kewaya wurin yana faɗaɗa da'ira. A kewaye na biyu ya kutsa bayan wasu kalgo da ke dab da ƙofar ta hannun dama, inda ba hanya ba ce, ba mai bi. A nan akwai fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe wadda ko saniya ta taka ba ta barin alama.

A kan fakon ga sawu fari tas, kamar an zana da alli.

Dalilin farin shi ne wani kwamin siminti da ke kwance a bakin ƙofar gandu, cike da ruwan farar ƙasa da magani. Dokar ƙungiya ce duk mai shiga ko fita ya tsoma takalmansa a ciki, don kada a kai wa barewa cutar dabbobin gida ko a kwaso tasu. Kwamin siriri ne, baƙo tsallake shi yake yi da taki ɗaya don kada ya jiƙa ƙafa. Ruwan kuma yana da wani hali: yana jiƙe ba a ganinsa a ƙasa, sai ya bushe yake fitowa fari. Wanda ya bi ta nan da sanyin safiya ya waiwaya bai ga komai a kan fako ba, don haka bai share ba.

Munkaila ya durƙusa ya karanta. Ga kofaton barewa, taki a natse, ba ja ba gudu, tana bin wanda ta sani. Ga takalmi sau ciki. A gefen dama kuma, kowane taki biyu, ga wani ɗigo zagayayye kamar bakin kwalba. Sawun ya tafi taki ashirin yana dusashewa, har inda tayar mato ta murƙushe ciyawa.

Ya daɗe a durƙushe a kan ɗigon nan. Ya san shi, duk kwamiti sun san shi, har tsokana ake yi a kansa. Ya ji daɗi domin mutanensa sun fita, ya kuma ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya sare rassan kalgo ya rufe sawun, ya tafi gida bai yi wa kowa magana ba.

Da la'asar kwamiti ya hallara a ƙofar gandu, domin Munkaila ya roƙi a yi taron a can maimakon biro, wato ofishin ƙungiya. Ma'u yana tsaye gefe da ɗan ƙunshin kayansa, ya riga ya yi sallama da iyalinsa. Maharba goma sha uku suna zaune can nesa a gindin wani gawo, ba a gayyace su ba, ba su kuma iya zama a gida ba.

Salim ya buɗe littafin taro ya tambaya ko an samu ɓarawo. Munkaila ya ce kafin ya amsa yana da roƙo ɗaya: kowa ya shiga gandu ya fito kamar yadda ya saba, sannan ya taka kan fakon nan na bayan kalgo. Salim ya ce wannan wasan yara ne. Hajiya ta gyara tabarau, ta tattare zanenta ta fara shiga, sai kowa ya bi.

Suka tsoma ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har da Ma'u. Mutum biyu a cikinsu suna riƙe da sanda, suka ɗaga ta sama suka wuce. Alhaji Aminullahi ne na ƙarshe. Ya tsoma dama, ya tsoma hagu, sannan ya tsoma bakin sandarsa mai roba ya ɗan juya ta a ciki, kamar yadda yake yi shekara tara, domin a cewarsa sanda ma tana zuwa kasuwar dabbobi. Hankalinsa yana wani wuri, hannunsa ne ya yi aikinsa. Ba banza aka ce sabo turken wawa ba, ko da yake Alhaji ba wawa ba ne, mutum ne da ya rubuta doka ya bi ta har ta zama jikinsa.

Suka taka fakon suka tsaya. Babu abin da ake gani. Munkaila ya ce a ɗan jira. Salim yana ta duba agogo. Sannu a hankali ƙasa ta fara fari, takalma suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gane nasa. A gefen sawu guda kaɗai ɗigo ya fito.

Sai Munkaila ya janye rassan da ya rufe sawun ranar Talata. Ya nuna musu kofato, ya nuna takalmi, ya nuna ɗigo, ya faɗi abin da ya gani a bakin waya da abin da Shekara ta gani a mararraba. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma ɗaga ido ya dubi kowa ba. Babu bukata, tsohon sawu da sabo suna kwance kafaɗa da kafaɗa.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce attajirin nan ba ya son komai sai barewa mai ciki a gidan gonarsa, ya ce in an ba shi, foraj ya samu. Ya san kwamiti ba zai yarda ba, shi ma da wani ne ya kawo maganar da ya ƙi. Amma ya je ƙauyen ya ga wata mata da goyo ta faɗi da tulu a kan hanya, sai ya ce a ransa barewa ɗaya ba ta kai wannan ba. Direban attajirin ne ya yanke waya ya jefa tarko, shi kuma ya gani ya yi shiru, yana zaton za a ce baƙi ne magana ta mutu.

"Na ji wannan, Alhaji," in ji Hajiya Ramatu, "kuma da a nan ka tsaya da sai in ce kuskure ne na mai son alheri. Amma ranar Talata kana tsaye aka ce a kira wa Ma'u jandarma. Kana tsaye aka ce gida goma sha huɗu za su rasa lambu."

"Ina tsaye," in ji Alhaji.

Ta ce dokar da ta hau maharbi ita za ta hau wanda ya rubuta ta. Za a sauke shi daga kwamiti yau, zai miƙa mabuɗi, gobe kuma zai tafi Damagaram da kansa tare da jami'an gandun daji ya dawo da barewa, abin da hukuma ta ga dama ta yi da shi wannan nata ne. Foraj kuwa, in sai da sata za a same shi, a bar shi, za su ci gaba da nema ta ƙofar gaba. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Salim ya rubuta, da ya gama ya zo ya durƙusa a gaban Munkaila ya ce Baba ya yafe masa bakinsa.

Alhaji ya ciro mabuɗi ya ajiye a hannun Hajiya. Sannan ya taka har gaban Ma'u, dattijo mai furfura a gaban mai gadinsa, ya cire hula ya nemi gafara. Ma'u ya rasa inda zai sa kansa, ya ce ya yafe duniya da lahira, hawaye suna zubo masa. Da Alhaji ya juyo zai wuce, ya tsaya kusa da Munkaila.

"Ka san ni ne tun da safe, Sarkin Baka. Me ya hana ka zo gida ka same ni?"

"Da na zo, Alhaji, da ka roƙe ni. Ni kuma ban san yadda ake ce maka a'a sau biyu ba."

Alhaji ya gyaɗa kai ya tafi a hankali. Munkaila ya bi shi da kallo har ya kai hanya, zuciyarsa tana ciwo. Duk da haka a ransa yana alfahari da kwamitin nan, mutum shida da suka iya ɗaga hannu a kan wanda ya tara su, da na bakwai da bai yi musu gardama ba.

Sannan ya nufi gindin gawo. Maharba suka miƙe tun kafin ya iso, suna neman labari a fuskarsa. Tsohon nan mai bindigar da zanzaro ya yi wa gini shi ya matso ya tambaya ko an gane ɓarawon, kuma wane ne. Munkaila ya ce sunan ɓarawon za su ji shi a bakin wasu, ba a nasa ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya tsaya a ƙofofinsu jiya yana tuhuma, ya ce su yafe masa wannan. Tsohon ya ce ba wannan suka zo ji ba, shi dai ya faɗa musu matsayinsu.

Munkaila ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda har 'yan kwamiti za su ji daga bakin ƙofa.

"Ba maharbi ba ne. Ku je ku dasa albasarku."